Shayin da Ya Tsare Likita Ding

Godiya ta tabbata ga Allah da ya haɗa mu zamani da Shehinmu, Ahong, wato limami, na ƙauyenmu a tsaunukan kudancin Ningxia ta ƙasar Sin, masanin Allah, mai zuhudu da tsantseni, wanda ya sha fiƙihu da tafsiri har manyan malamai suna tsallako kwaruruka domin su zauna gabansa, amma ba a taɓa jin ya ɗaga murya ko ya ɓata wa wani lokaci ba. Allah ya tsarkake sirrinsa. Ga ɗaya daga karamominsa, kamar yadda Lanying matar Hai Wanfu ta sha ba da labari tana share hawaye.

Wanfu mafaraucin kunama ne. Da bazara yakan hau tsauni yana birkice duwatsu, ya tsince su da tsinken cin abinci, a tafasa da ruwan gishiri, a shanya wa masu haɗa magani. Mutumin kirki ne, sai dai akwai cika baki. A ganinsa wanda kunama ta harba sau ɗari ya gama da ita. Amma harbin bara ya kumbura masa leɓe, har likitan ƙauye, Ding, ya gaya wa Lanying a keɓe cewa jikin mijinta ya fara ƙin dafin, na gaba yana iya toshe masa maƙogwaro.

"Baban yara, ko safar hannu ka sa mana," in ji ta.

"Safa? Ni da kunama ai mun zama dangi. Ding dai kaza ma tsoronta yake ji!"

Da abin ya ishe ta, wata safiya ta je masallaci ta tsaya daga bakin ƙofa, ta roƙi Shehi ya ja wa mijinta kunne. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "'Yata, koma gida. Allah yana sane da Wanfu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ta juyo ranta a ɓace, Allah ya yafe mata, tana ganin bai ɗauki kukanta da nauyi ba. A hanya kuma ta ci karo da Likita Ding da jakarsa, yana sauri ya kama motar safe, wadda ita kaɗai ke fita birni, zai kwana uku can ya ɗebo magunguna.

Rana ta take tsaka, Wanfu na tsakar gida yana juye kamun jiya a tukunya, wata kunama ta maƙale a bakin tulu ta ɗana masa harbi a wuyan hannu. Ya yi dariya. Kafin ruwan ya tafasa dariyar ta koma tari, fuska ta kumbura, numfashi ya koma fito kamar ta tsinken kara, ya zube jikin bango. Lanying ta san likita ya yi nisa, asibiti kuma yana bayan tsauni biyu. Ta fita a guje ba takalmi, ba neman magani ba, so take Shehi ya zo ya laƙƙana wa mijinta kalmar shahada.

Tana faɗawa zauren masallaci sai ga Likita Ding zaune, jaka a cinya, gumi na zuba, kwanon shayi a gabansa. Ashe Shehi ne ya fito da kansa ya tare shi a hanya, ya ce ya shigo ya kurɓa. A wajenmu baƙo ba ya tashi sai ya tsamo dabinon da ke cikin shayi ya ci, alamar ya ƙoshi. Duk sanda likita ya kai hannu, sai Shehi ya ƙara ruwan zafi ya ce, "Bai jiƙu ba tukuna." Sau bakwai ana haka, likita yana jin ƙahon mota har ta wuce, kunya ta hana shi motsi.

Lanying ba ta buɗe baki ba Shehi ya miƙe ya ce, "Likita, ɗauki jakarka."

Kwalba ɗaya tak ta rage a jakar ta allurar da ke buɗe maƙogwaro. Suna isa gidan likita ya soka wa Wanfu a cinya, Shehi kuwa ya durƙusa ta wajen kansa yana addu'a a hankali. Lanying ta riƙe ƙafafun mijinta tana jin sanyinsu. Can sai ƙirjin ya ɗaga, iska ta shiga da ƙara, ya buɗe ido ya ga matarsa.

"Ina takalminki?" ya ce da ƙyar.

"Danginka suka cinye, ja'iri!" Ta fashe da kuka.

Likita ya zauna daɓas a ƙasa. "Ahong, don Allah, ta yaya kuka sani?"

"Allurarka ce, kuma Allah ne ya warkar. A kai shi asibiti su duba shi." Ya ɗan yi murmushi. "Dabinonka ya jiƙu yanzu."

Wanfu ya bar tsauni ya koma kiwon tumaki. Lanying kuwa ta je neman gafara kan zaton da ta yi, Shehi ya ce bai san da wani laifi ba. Har ya bar duniya, kowace bazara takan kai jajayen dabino masallaci, yanzu kuma almajiransa take kai wa.

Allah ya ƙara masa yarda, ya haskaka makwancinsa, ya ba mu albarkacin bayinsa da ke jin kukan mutum ko da sun yi shiru. Amin.