Mayafin Kogin Marke

Ku gyara zama, ku masu son raba gardama, yau na kawo muku wadda za ta sa tuwonku ya huce a kwano.

A garin Tudun Baba, a bakin kogin Marke, akwai wata mai rini da ake kira Gwaggo Tasalla. Hannayenta sun yi shuɗi tun tana amarya, har jikokinta na tsokanarta wai ko a cikin taron Arfa da hannu za a gane ta. Marinar da mijinta ya bar mata ita ke riƙe da gidan, ita ke kuma riƙe da matan unguwa masu wanki da shanya. Ruwan da aka gama rini da shi kuwa kwata ke kai shi kogi, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. Sai dai rinin da, baba ne da toka. Na yanzu hodar kanti ce da soda mai cin hannu.

Wata bazara albasar mutanen Kwari, ƙauyen da ke gangaren kogin, ta fara ƙonewa a lambu. Shugaban masu lambun ba kowa ba ne illa Mato, yayan Tasalla uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tako har marina da wata ƙanjamammiyar albasa, ya dire ta a gabanta.

"Tasalla, dubi aikinki. Shadda kike rinawa ko lambuna?"

Ta dama masa fura, ya ƙi ko kallon ƙwaryar. Wannan ya fi mata ciwo a kan maganar. Ba a jima ba hukumar kula da muhalli ta aiko cewa in ba a nuna mata kogin zai iya ɗaukar ruwan rinin ba kafin bazara ta zagayo, za a rufe marinar. Tasalla ta zauna a gindin tukunyar rini ta yi tagumi, abin da ba a san ta da shi ba.

To, Allah ya ba ta 'ya'ya uku: Barira 'yar fari, Sallau na tsakiya, da auta Hansai.

Barira ta yi karatun taswira, a birni take aiki. Da labari ya iske ta sai ta zo, ta kifa turmi a tsakar gida, ta ɗora kwamfutarta a kai. Ta jawo hotunan da tauraron ɗan adam ya ɗauka na damina da na bazara, ta jera su bisa juna, ta zana kogin tun daga saman gari har Kwari. Tasalla ta leƙo ta kafaɗarta, ba ta kira sunanta ba don kunyar 'yar fari.

"Ke, wannan igiyar ce kogin namu?"

"Shi ne, Inna. Ga rufin marinarki, ga ma shanyarki."

Tasalla ta riƙe baki, ta ce ashe har daga sama ana ganin shanyar mutum, gara ta riƙa jera ta da kyau. Taswirar ta nuna abin da mai tsayuwa a bakin ruwa ba zai gani ba. Da damina kogin cike yake, yana kwashe komai. Da bazara kuwa rabuwa yake biyu, kuma reshen da kwatar marina ke zuba ciki kwanciya yake kamar ruwan randa, a daidai inda injinan ban-ruwan Kwari ke zuƙa. Ta kuma gano wani tsohon kududdufi a ƙasan marina, wanda ruwa zai gangara cikinsa da kansa, daga nan ya wuce babban reshe. Amma ta ce hoton sama bai san zurfi ba, bai san gudun ruwa ba, bai san abin da ke cikinsa ba. In babu awo, hukuma za ta ce zane ne kawai.

Sai Sallau, mai fito da kwale-kwale, ya karɓi wayar da aka sa wa taswirar, ya ɗauki gora da kwalabe. Duk inda yayarsa ta ɗiga alama sai ya kai ƙafarsa can, a tsakiyar zafin da ko akuya ba ta barin inuwa. Ya soka gora ya auna zurfi, ya jefa sakaina ya ga saurin da ruwa ke tafiya da ita, ya cika kwalba ya rufe. Inda kwale-kwale ya kafe ya sauka ya kutsa, laka har ƙirji, matsattsaku suna biki a ƙwaurinsa. Ya riƙa dawowa gida shuɗi daga ƙugu zuwa ƙasa, matan marina suna tambayarsa ko a buge shi a ninke. Shi ya kai kwalaben ɗakin gwaji a birni, ya dawo da sakamako. Da Barira ta zuba awon a taswira sai kogin ya yi launi, kore inda zai iya ɗauka, ja inda ba zai iya ba. Gaskiya ta fito fili: ko babban reshen ba zai ɗauki ɗanyen ruwan rini da bazara ba, sai an kwantar da shi an tace a kududdufin nan. Kududdufin kuwa a cikin gonar Mato yake, Maton da ya daina amsa gaisuwar ƙanwarsa.

Nan Hansai ta yafa gyale ta nufi Kwari. Ita ba ta san kwamfuta ba, ba ta iya tuƙa kwale-kwale ba, amma bakinta zai iya sa mai azumin magana ya yi hira. Ba ta ta da zancen ba sam. Ta taya matar kawunta surfe, ta addabi 'ya'yansa da wasan taubasai har gidan ya cika da dariya. Sai da ta ga fuskar tsohon ta saki, sannan ta zauna kusa da shi da waya.

"Kawu, an ce wai lambunka ya fi na kowa ƙanƙanta in an duba daga sama."

"Wane maƙaryacin? Kawo in gani!"

Ya ƙura ido, ya gano mangwaronsa, ya gano rijiyarsa, ya kira matarsa ta zo ta gani. Daga nan Hansai ta nuna masa jan da ke bakin injinsa, da yadda zai koma kore in ruwan ya bi ta kududdufi. Mato ya miƙa mata wayar, ya ce a je a haƙa kududdufin. Hansai ce ta kira gayyar garuruwan biyu, da kiɗa da tuwo, aka haƙa tafkuna a jere, aka dasa musu kachalla, ciyawar nan da kowa ke tsine wa don tana toshe kogi. A nan kam aiki ta samu, ruwa ya shiga shuɗi ya fita garau.

Da bazara ta zagayo Sallau ya sake awo, taswirar Barira ta yi kore shar, hukuma ta zo ta gani ta bar marina a buɗe. Ranar Mato ya iso da buhun albasa a kan jaki, kowace kamar kan jariri. Tasalla ta dama fura ta miƙa masa. Ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwarya, ya ce a ƙaro. Ta rangaɗa guɗa tana hawaye, ita da kullum take cewa guɗa aikin yara ne.

Don murna ta ɗauko farin mayafi, ta zauna da allura da zare tana ɗaure shi bisa zanen taswirar, ta tsoma shi a tukunyar rini. Da aka warware sai ga kogin Marke fari tas yana gudu cikin shuɗi daga wannan gefe zuwa wancan, da rassansa biyu da tafkunan. Idanunta sun sha wuya, ta ce ba za ta iya na biyu ba. Ta yi niyyar yafa shi ga wanda ya ceci marinar, sai ta tsaya da shi a hannu. In ta ba Barira a ce ba ta da kunya, in ta ba Hansai a ce dama auta ce, in ta ba Sallau a ce don namiji ne. Mato ya ce a raba uku mana a huta.

"Yaya, kogin da aka sha wuya aka gyara, ni zan sa masa almakashi?"

Mayafin na nan a ninke a kan gadonta. Ba don Barira ba, da ba a san inda ciwon yake ba. Ba don Sallau ba, da taswirar ta tsaya a zane. Ba don Hansai ba, da an san magani an rasa inda za a zuba shi.

To, ku da kuka ji, a kafaɗar wa ya kamata Gwaggo Tasalla ta yafa kogin nan?