Ruwan da Ya Kwanta Ƙarƙashin Sitikar Motar Matan Garo

Akwai wani mai liƙa wa motoci sitika a bakin tashar Gwarzo, sunansa Nata'ala. Hannunsa yana da kyau, kuma ya san haka. Kusa da rumfarsa akwai garejin Malam Dabo, dattijo mai fentin mota, wanda ya shekara talatin a wurin ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Wata shekara matan Garo, ta ƙaramar hukumar Kabo, suka haɗa hannu suka samu wata tsohuwar bas don kai masu naƙuda asibiti. Shugabarsu, Inna Asibi, ta kawo ta Gwarzo. Malam Dabo ya yi mata farin fenti, ya bar ta mako uku ta bushe. Saura a liƙa mata sitika mai ƙyalli, irin wadda ke haskawa idan fitila ta taɓa ta, don manyan motoci su riƙa hango ta daga nesa.

Ranar Alhamis aka kai wa Nata'ala, ga shi washegari za a yi wa motar addu'a. Ya ɗauko gorar ruwan sabulu ya fara fesa wa jikinta, kamar yadda ya saba da sauran sitika, don ta riƙa zamewa har ya daidaita ta.

Malam Dabo ya leƙo. "Nata'ala, wannan mai ƙyallin ba ta son ruwa. A bushe ake sa ta, kaɗan-kaɗan, kana bi da kati kana danne ta. In ruwa ya shiga ƙarƙashinta ba ya fita."

Nata'ala ya yi dariya. "Baba, kai da fenti, ni da sitika. Na taɓa zuwa na ce ka ƙara ja a shuɗi?"

Dattijon ya koma garejinsa.

Motar ta fito fes. Aka yi addu'a a Garo, mata suka yi ta guɗa.

Kwana biyar tana shan rana, sai sitikar ta fara kumbura. Da farko ƙanana ne kamar ƙurajen zafi, daga baya wasu suka kai girman gyaɗa. Duk inda ya kumbura ƙyallin ya dushe. Haladu direban motar ya dawo da ita tasha ransa a ɓace.

Nata'ala ya duba, nan take ya gane laifinsa ne. Amma direbobi sun riga sun kewaye motar.

"Fentin ne," in ji Nata'ala da ƙarfi. "Ɗanye ne, shi ke numfashi ta ƙasa. Tsufa ya zo wa Baba Dabo, ga shi yanzu haɗe-haɗe yake yi."

Kafin La'asar maganar ta zaga tasha. Kafin mako ta kai Kabo. Wani ya zo ya janye motarsa daga garejin Malam Dabo ana tsakiyar gogar ta. A majalisa aka fara cewa ya cuci matan ƙauye. Abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Matarsa Sa'adiya ta ce, "Malam, ka fita ka faɗi gaskiya mana. Kai fa ka gargaɗe shi."

"Wa ya ji ni? Daga ni sai shi. In na yi magana cewa za a yi kare kaina nake."

Ya ci gaba da buɗe gareji kullum, ya share, ya zauna. Sati uku babu mota ko ɗaya.

Sai ran kasuwa Inna Asibi ta zo da kanta. Ta gaisa da mutane, ta zaga motar a hankali tana shafawa. Da ta zo baya ta tsaya, ta yafito Nata'ala.

"Ɗan nan, zo. Ka ce fenti ne?"

"Shi ne, Inna."

"To ni ban yi boko ba, ka fahimtar da ni. Malam Dabo ya yi wa gilashi fenti ne?"

Kowa ya matso. Sitikar da ke kan gilashin baya ta kumbura kamar sauran. Inna Asibi ta zare allurar da ke bakin mayafinta, ta huda ɗaya, ta danna da yatsa. Ruwa ya gangaro. Ta shinshina.

"Sabulu ne. Wannan kam na san shi, kullum da shi nake wanki."

Babu wanda ya yi dariya. Nata'ala ya sunkuyar da kai, ya je ya durƙusa gaban dattijon. "Baba, ka faɗa min, na ƙi ji. Na kuma ɗora maka. Ka yafe ni."

Malam Dabo ya ce, "Na yafe. Tashi mu ɓare ta, matan nan suna buƙatar motarsu."

Kwana biyu suka yi suna ɓarewa. Da za a liƙa sabuwa, dattijon ne ya riƙe mata gefe ɗaya, Nata'ala yana bi da kati, a bushe. Ba ta sake kumbura ba.

Direbobin Gwarzo sun dawo wa Malam Dabo, rumfar Nata'ala kuma ta yi shiru. Amma waɗanda suka ga allurar Inna Asibi ba su wuce mutum ashirin ba. Bayan wata shida wani baƙo daga Gammo ya tsaya a bakin garejin, ya tambayi dattijon da kansa:

"Baba, ina zan sami mai fenti? Amma ban da wani Dabo, an ce shi ya lalata motar matan Garo."

Malam Dabo ya dube shi, ya nuna masa hanyar wani garejin.

Darasi: Idan wanda ya riga ka sanin aiki ya yi maka gyara, ka saurara. Idan ka yi kuskure, ka ɗauki abinka, kada ka jingina wa wani, domin ƙaryar da ka yi a minti ɗaya tana zuwa inda neman gafararka ba zai kai ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a, wataƙila ya hana a ɓata sunan wani bawan Allah.