Mutumin da Ya Zauna da Ƙishi a Kan Ruwa

Akwai wani mutum daga zuriyar Nebayot, ɗan farin Isma'ilu. Na ga kuna kallon juna, wai wane ne kuma Nebayot? Ba laifinku ba ne, a jerin kakanni aka ambaci sunansa aka wuce.

Dangin mutumin nan fatake ne, suna ratsa hamada da raƙuma ɗauke da turare. Shi kuwa aikinsa haƙa ramukan tara ruwan sama. Yakan yi cikin ramin da faɗi, bakin ɗan ƙarami, ya rufe da faifan dutse, ya baje yashi a kai. Baƙo sai ya taka wurin bai sani ba.

Wata rana wani sarkin yaƙi ya biyo sawun ayarinsu da runduna, don ya kwashe mata da yara bayi. Ruwan salkunan rundunar ya kusa ƙarewa, sai suka iske mutumin nan zaune a kan yashi shi kaɗai.

Sarkin yaƙin ya ce, "Kai, nuna mana ruwa in bar ka da ranka."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na san inda yake, amma ba zan nuna ba."

Ku ji ƙarfin hali! Ko ƙaryar "ban sani ba" bai yi ba.

Sarkin yaƙin ya tuntsire da dariya. "Saboda wa za ka mutu? Ba ku da birni, ba ku da ganuwa. Wa ma ya san kakanku?"

Ya ce, "Allah ya san shi. In ka sha ruwan nan yau, jibi ka cim ma 'ya'yanmu."

Suka ɗaure shi nan inda yake zaune, cikin rana, suka hana shi ko kurɓi ɗaya, wai ƙishi zai buɗe bakinsa. Leɓunansa suka tsage, harshensa ya kumbura. Mayaƙa suka tona nan, suka tona can, duk a banza. A rana ta uku sarkin yaƙin ya ga ruwansu na komawa gida ne kawai ya rage, ya juya a fusace. Har igiyarsu suka kwance suka tafi da ita, suna ganin tasa ta ƙare.

Da suka ɓace, mutumin ya share yashin da ke ƙarƙashinsa, ya ture dutsen da kyar, ya sha.

Ma'anar wannan misali ita ce, ruwan nan amana ce da Allah ya danƙa maka, wato bangaskiyarka da ran ɗan'uwanka. Sarkin yaƙi kuwa shi ne duk wanda zai raina gidanku, ya ce ku ba kowa ba ne, don ka ji kunya ka sayar masa da abin da ke hannunka. Abin yana ba ni haushi in na ga ɗayanku ya sunkuyar da kai don an ce ubansa ba shi da suna. Ƙishi zai zo, ba zan ɓoye muku ba, kuma zai yi zafi. Amma akwai waɗanda ransu yake rataye da shirunka. Ka zauna daram, kada ka matsa.