Yaron da Bai San Sunansa Ba

Ku matso ku ji, amma ku tanadi bakin gardama.

Ranar sunan ɗan Dogara, mai bishara ya raɗa wa yaron Sama'ila. Ya ce sunan Ibraniyanci ne, ma'anarsa "Allah ya ji", sunan ɗan Hajara wanda ƙishi ya kusa kashewa a jeji, Allah ya ji kukansa. Kande, uwar yaron, ba ta faɗin sunan ɗan fari saboda kunya, sai ta riƙa kiransa Allah-ya-ji. Shi kuwa Dogara, mai kunyar banza, "kai yaro" kawai yake cewa.

Yaron na shekara uku ya ɓace da hantsi a cikin tsofaffin ramukan kuza na bayan gari. Maza suka bazu suna kiran Sama'ila har muryoyi suka dushe, shiru. Dogara ya duba sama, ga ruwa na haɗowa, ya san in aka sauke shi ramukan za su cika. Ya yi alkawarin karsanarsa ɗaya tilo ga duk wanda ya ceto ɗansa.

Kande ta yar da mayafi ta ratsa maza tana ƙwala kira, "Allah-ya-ji." Suka ɗauka addu'a take yi, wasu suka ce ta zautu. Ashe sunan da yaron ya sani ke nan, ya kuwa amsa.

Ba wanda ya ji amsar sai Gwaggo Tabita, makauniyar yayar Dogara, wadda ta biyo su tana dogara sanda. Ta ce a yi tsit, ta karkata kai, ta nuna wani rami da ciyawa ta rufe bakinsa. "Yana nan ƙasa," in ji ta.

Ramin ƙunci gare shi, gefensa na zubewa, maza suka ja baya. Barau, ƙanen Dogara, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka da kai. Ana gama jawo su waje, shi da yaron, ruwa ya kece, ramin ya rufta a kan idon kowa.

Tsoron Allah ya kama Dogara, ya durƙusa cikin taɓo rungume da ɗansa.

To, karsana dai ɗaya ce. Da mai kira, da mai ji, da mai sauka, wa Dogara zai miƙa wa igiyarta?