Kyandir a Aljihun Sallau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai an kama sunansa ba, tun zamanin da manyan sifikoki suka fara shigowa gidajen biki. Sunansa Sallau. Kafinta ne, dattijo, gajere, ba shi da yawan magana. A layin kafintocin garin an san shi da abu biyu, haɗa akwatin sifika da kuma jinkiri.

Ku saurara ku ji abin da ke kawo jinkirin. Akwai babbar sifikar nan da samari ke kira wufa, wadda ba ta fitar da muryar mawaƙi sai rurin ganga, rurin da mutum ke ji a ƙirjinsa. Ita iska take turawa, da ƙarfi kuwa. In akwatinta na da 'yar kafa, ko da ta shigar allura ce, iska za ta bi ta nan tana fito. In bangon akwatin bai sami tokari daga ciki ba, zai yi ta karkarwa kamar tsohon kwanon rufi. To shi Sallau, in ya yanka katako, sai ya shafe kowace mahaɗa da gam kafin ya ɗaure, ya cusa kansa cikin akwatin ya bi layin da yatsa, ya kafa tokari, sannan ya zauna jiran gam ya bushe. A cikin akwatin nan, inda ba mai leƙawa, nan yake ƙarar da yininsa.

Jikin shagonsa akwai shagon wani matashin kafinta mai suna Jatau, magidanci da mata da ƙananan yara. Allah Ya ba Jatau hannu. In ya auna katako ba ya kuskure, in ya ja zarto sai ka rantse inji ne ya yanka. Sai dai gaggawa ta yi masa yawa. Ƙusa kawai yake bugawa, ya lulluɓe akwati da baƙin kafet, ya manna masa ƙarafuna masu ƙyalli a kusurwa, ya ajiye a bakin titi kowa na sha'awa. Ga shi kuma da baki.

“Baba Sallau, yau ma duhu ake yi wa kwalliya?”

Muryar Sallau sai ta fito daga cikin akwati: “Ana ta fama, ɗana.”

In mai saye ya tsaya, Jatau kan ja shi gefe ya ce, “Ka ba tsohon nan aikin ɗaurin aure, sai ranar suna za ka karɓa.” A yi dariya. Sallau na ji, bai taɓa tankawa ba.

Ana nan, sai wata attajira, Hajiya Tasalla, ta gina gidan biki, ta nemi a haɗa mata manyan akwatunan wufa guda biyu. Wurin Sallau ta nufa. Jatau ya tare ta a hanya, ya yi mata maganar da ya saba, ya ƙara gishiri, ya karɓe aikin a gaban idon dattijon. Kafin a ce me, ya gama ya kai.

Ana gobe za a yi bikin farko a gidan, aka kunna kaya don gwaji. Ganga na saukowa, akwatunan suka ɗauki karkarwa, suna fito, suna wani kuka kamar an ɗaure akuya a cikin durom. Mai kula da kayan ya rage murya, ya ƙara, ya canza waya, abin na nan yadda yake. Hajiya Tasalla ta aika aka kira Jatau, ta kuma aika aka kira Sallau. Labari ya riga su isa layi, don haka wasu kafintocin suka biyo baya ganin ƙwaf.

“Kai ɗan nan,” in ji Hajiya, “akwatin sifika na ce ka yi mini ko kejin kaji? Gobe warhaka gidan nan cike yake da baƙi.” Ta juya ga dattijon. “Malam Sallau, ka duba mini, ka faɗi gaskiya a gaban kowa. In aikinsa ne ya lalace, yau ɗin nan zan sa a ɗora su a baro a zube masa a ƙofar shago, duk mai wucewa ya gani. Aikina kuma daga yau naka ne.”

Jatau ya dubi aikinsa. Ya san abin da ke cikin akwatunan nan, ya kuma san abin da babu. Ya san a sana'arsu suna shi ne jari. In aka zube akwatunan a ƙofar shagonsa, ko kujerar tsugunno ba wanda zai ƙara ba shi ya gyara.

Kuma ya san abin da Sallau zai yi, don ya sha ganinsa yana yi. Kyandir yake kunnawa, a saki kiɗa, ya bi mahaɗar akwati da shi a hankali. Duk inda iska ke tserewa, harshen wutar zai kwanta. Ba a musu da wannan, ko yaro ya gani ya gane.

Sallau ya matsa. Ya ƙwanƙwasa bangon akwatin da bayan yatsa, ya kasa kunne. Ya ɗora tafin hannu a kai. Sannan ya sa hannu a aljihu, Jatau na kallo, ya ciro guntun kyandir.

Ku saurara da kyau a nan. Mutumin da aka shekara ana yi wa ba'a, mutumin da aka ƙwace wa aiki, ga dama ta zo har hannunsa. Ba sai ya yi ƙarya ba, ba sai ya yi zagi ba, ashana ɗaya kawai zai ƙyasta.

Ya ɗaga ido ya dubi Jatau. Ya daɗe yana dubansa. Sai ya mayar da kyandir ɗin aljihu.

“Hajiya, akwatunan na da ciwo, amma ciwon na jin magani. Ina roƙon kowa ya fita, a bar ni da shi.”

“Har ni? Gidana ne fa, Malam.”

“Har ke, Hajiya. Ko likita ba ya buɗe cikin mutum a gaban 'yan dubiya.”

Ta yi tsaki, ta ce ita dai gobe ta ji ganga, ta kwashe jama'a suka fita. Sallau ya je shagonsa ya dawo da gwangwanin gam da busassun katakai daga tasa ajiyar, ya rufe ƙofa. Suka kwance sifikokin. Haske ya shiga cikin akwatin, komai ya fito fili: mahaɗa a bushe ba ɗigon gam, kawunan ƙusoshi sun fasa katako sun leƙo, bango fayau ba tokari. Jatau ya sunkuyar da kai yana jiran maganar da ta dace da shi.

Sallau ya matso kusa da shi. Ya miƙa masa gwangwanin. “Shiga.”

“Baba, kai ka fi ni iyawa. Ka yi kawai, ni in riƙe maka.”

“Shiga, na ce. Ni zan riƙe.”

Jatau ya durƙusa ya cusa kai da kafaɗa cikin akwatin, zafi da warin gam suka rufe shi. A ransa ya ce, to, ga ramuwar ta zo, tsohon nan so yake ya gan ni a ramin da nake yi masa dariya. Ya kama aiki. Daga waje muryar dattijon na binsa a hankali. “Bi da yatsa, kada ka tsallake kusurwa. A'a, koma, ka bar wani wuri. Cire ƙusar nan, ta fasa katako. Tokarin ya taɓa bango biyu, ya zauna daram, in ya yi sako-sako shi ma kuka zai yi.” Ko sau ɗaya Sallau bai tsoma yatsa a gam ba. Hasken tocila yake riƙewa, yana miƙa kaya. Sun yi sallar la'asar a nan, suka koma, har rana ta yi ja. Jatau ya ce a gwada. Sallau ya ce a'a, gam sai ya kwana.

Da safe aka taru, har da 'yan kallon jiya. Aka mayar da sifikoki, aka ɗaure. Mai kula da kaya ya dubi Hajiya, ya saki kiɗa.

Jama'a, abin da ya fito daga akwatunan nan, tun kafin kunne ya kama shi ƙafa ta ji shi. Ya taso daga ƙasa, mai zurfi, mai tsabta, ba fito ba karkarwa, ya bi ƙashin baya ya zauna a ƙirji. Ruwan da ke cikin bokitin masu shara ya shiga yin zobe-zobe. Wata mai goge-goge ta tsaya da tsumma a hannu. Hajiya Tasalla, wadda ba a saba ganin bakinta a rufe ba, ta nemi kujera ta zauna, hannunta a ƙirji. Shi kansa Jatau tsigar jikinsa ta tashi. Bai taɓa sanin katakon da ya yanka da hannunsa na iya fitar da irin wannan murya ba.

Da aka kashe, Hajiya ta ce, “Ikon Allah. Malam Sallau, me ya same su jiya?”

“Iska na fita ta inda bai kamata ba, bango kuma na rawa. An toshe, an tokare. Amma awon akwatin daidai yake, Hajiya, yankan ma haka. Ban canza komai a nan ba. Samun mai awo irin wannan sai an tona.”

“Wa ya yi gyaran?”

“Shi ya yi, da hannunsa. Ni haske na riƙe.”

A nan ne Jatau ya gane. Dattijon nan ya san za a yi masa wannan tambaya, kuma ba zai yi ƙarya ba ko don ceton wani. Shi ya sa ya ƙi taɓa gam, don in ya ce Jatau ne ya gyara, maganar ta zama gaskiya tsantsa. Tun jiya yake shirya masa wannan amsar.

Hajiya ta harari Jatau ta ce ya ci sa'a, ya zo jibi akwai aikin tebura. 'Yan kallo suka watse ba abin da za su kai layi. Jatau ya waiga, Sallau har ya ɗauki gwangwaninsa ya kama hanya. Ya bi shi da sauri ya cim masa.

“Baba,” in ji Jatau. “Duk abin da nake faɗa a kanka, kana ji?”

“Bango ɗaya ne tsakaninmu, ɗana, kuma kai ka yi shi.”

Jatau ya so ya yi dariya, hawaye suka riga ta. “To don me?”

Sallau ya ce, “Yaranka da sunanka suke cin tuwo. Ni kuma ina da abubuwan da ba na so a haska su ranar da za a tara mu duka. Je ka wanke hannunka da kananzir, gam ɗin nan ba ya fita da ruwa.”

Ya wuce abinsa. Jatau ya tsaya a tsakiyar hanya yana kallonsa har ya sha kwana.

To 'yan'uwa, darasin a fili yake. Ku kyautata aikinku a inda ba mai gani, don Wanda ba a ɓoye Masa komai Yana gani. Kuma in Allah Ya ɗora ku a kan aibin wani, ko da wanda ya cuce ku ne, ku nemi hanyar da za a gyara ɓarnar, mai haƙƙi ya sami haƙƙinsa, ba tare da kun yi ƙarya ko kun tozarta mutum ba. Hanyar tana da wuya, amma akwai ta. Kowannenmu a nan ya san wani abu game da maƙwabcinsa, ko abokin sana'arsa, ko 'yar ajinsu, wanda in ya faɗa a gaban jama'a ya gama da shi. Kafin ka buɗe baki, ka tuna naka da har yau ba wanda ya sani. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu zama masu rufa wa wasu.