Ƙarar Malam Mantau Kan Jikan da Ya Ci Ƙasa

Ranar Talata, sha biyu ga watan Rajab, aka fara ɓata wa Malam Mantau rai. Shi dai tsohon hedimasta ne, mutumin da ko musafaha ya yi da kai sai ya nemi sabulu. Ran nan ya biya gidan Iya Tasalla, kakar jikansa Sagiru ta wajen uba, ya tarar da yaron zaune a tsakiyar awaki, baki duk ƙasa. Da ya yi magana, tsohuwa ta ce, "Malam, ƙyale mini mijina, tuwo yake tuƙa mini."

Washegari ya kai ƙara gaban Dagaci. Buƙatunsa biyu: kada a sake kai Sagiru gidan nan, kuma Iya Tasalla ta ba shi haƙuri a bainar jama'a. Tsohuwa ta rakuɓe a bakin zaure, raha ta ƙare, don jikan ke nan gare ta.

Dagaci ya dubi Alhaji Ilu, tsohon duba-gari da ke ba shi shawara. Malam ya gyara zama, ya san ma'aikacin tsafta ba zai goyi bayan ƙazanta ba.

Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ka ji labarin falke da kazarsa?"

Dagaci ya ce, "Ban ji ba. Yaya aka yi?"

Ilu ya ce, "An yi wani falke da ya daɗe bai samu haihuwa ba. Da Allah ya ba shi ɗa, sai ya shimfiɗe gida da darduma, ya hana ƙafar yaro taɓa ƙasa, ya kori 'ya'yan maƙwabta. Amma iska na kaɗawa yaro zai kama atishawa, baƙo na tari a ƙofar gida yaro zai kwanta. Wata rana falke ya yi tagumi a tsakar gida, sai kazarsa ta ce, 'Maigida, kana tuna mini da 'yan tsakin ƙanwata.' Ya ce, 'Me ya same su?'

"Kaza ta ce, 'Biyu ta ƙyanƙyashe. Uwar gida ta sa ɗaya a ƙwarya tana ba shi tankaɗaɗɗen gari, ba tono, ba tsakuwa. Mu kuwa kaji ba mu da haƙora, da 'yar tsakuwar da muke haɗiya muke niƙa hatsi. Ran da aka watsa masa dawa ya ci, ciki ya kasa aiki, ya kwanta yana lumshe ido. Ɗayan kuma aka sake shi ba mai dubawa, ya mai da kwata wajen shan ruwansa, gudawa ta ɗauke shi. Maigida, jiki yana koyon kare kansa ne wajen cuɗanya da ƙasa da 'yan uwa, amma ba a kai shi wannan karatu bakin masai.'

"Falke ya naɗe dardumarsa, ya kira yaran maƙwabta, ya ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Yaro ya ɗan yi mura, daga baya ya yi kumatu. To, ranka ya daɗe, Malam yana son jikansa a ƙwarya, Iya kuma ba ta share wajen awakinta."

Iya Tasalla ta ce, "Ina sharewa!"

Ilu ya ce, "I, ran jajibirin Sallah."

Zaure ya kece da dariya, ban da Malam. Shi ya tuna Sagiru a falonsa mai ƙamshin sabulu, maƙale da taga yana kallon yara a waje. Can ya yi gyaran murya.

"Na karɓa. Yaro ya je gidan kakarsa ya yi wasansa. A ɗaure awaki gefe, a wanke masa hannu kafin abinci. Iya, na janye ƙara."

Tsohuwa ta share ido da bakin mayafi. Malam kuwa ya juya, ya nuna Ilu da yatsa.

"Amma kai, Alhaji, ba kai ba ne kake zuwa makarantata da hoton ƙuda ƙato kamar jaki, kana cewa duk wanda ya taɓa ƙasa ya taɓa ajalinsa? Na yarda da kai, na koyar da yara haka har na yi ritaya, yau kuma ka zo mini da kaza? Ranka ya daɗe, a sa shi ya tsaya ƙofar masallaci ranar Juma'a ya ba ni haƙuri. Kuma da lasifika!"