Kanyar Surukar Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, jikoki.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku naɗe ƙafa. Wanda ya yi motsi, na fasa.

Wata shekara Gizo ya cinye irin shuka, Ƙoƙi ta yi yaji ta tafi gidan uwarta, Iya Tambai. Gizo ya je biko. Ya tarar tsohuwa ta tsinko kanya ta zura a zare, kowace da tazararta, ta rataye ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. Ita za su ci tsakiyar damina, in rumbu ya ƙare.

Tsohuwa ta ce ita da Ƙoƙi za su je suna wani gari, sai bayan kasuwa uku, ya tsare mata shanya. Kada rana ta gan ta, kada ruwa ya taɓa ta, kada ɗaya ta jingina da 'yar'uwarta.

"In na same ta lafiya, ka tafi da matarka. In ba haka ba, kada ka ƙara taka ƙofar nan."

Jemage ya zo roƙo, Gizo ya kore shi. Ɓera ya zo, ya kore shi. Biri ya zo, ya bi shi da taɓarya.

Ran kasuwa ta farko kanya ta fara yanƙwanewa, zaƙi na tsattsafowa. Gizo ya duba gabas, ya duba yamma, ya zare ɗaya ya jefa baki. Da ya ga gurbi, sai ya ruga gindin bishiya ya tsinko ɗanya, ya shafa mata laka don ta yi duhu kamar saura, ya zura. Ɗanya kuwa ta fi ƙiba, ta matse na kusa da ita.

Ƙadangare na kan katanga, ya ce masa ya cire ɗanyar nan. Gizo ya ce wa ya tambaye shi.

Kasuwa ta biyu ya ci biyar, ya cike da ɗanyu. Ƙadangare ya sake magana, ya sha jifa. Kasuwa ta uku ya ci goma. Ƙadangare kai kawai ya gyaɗa.

Ran da su Ƙoƙi za su dawo, sai ga Ƙuda ya sauka a kan zare. Gizo ya kore shi, ya dawo da danginsa.

"Wa ya gayyace ku?"

"Wari ya kira mu, Gizo. Juya bayanta ka gani."

Ya juya. Fumfuna ta bi zare tun daga wannan baki har wancan. Yana cikin gogewa da bakin riga ya ji sallama.

Ya zube ƙasa yana gaisuwa. Tsohuwa ta bi zare tana latsawa, laka na maƙale mata a yatsa. Ƙoƙi na tsaye da kaya a ka, ba ta sauke ba.

"Da ka ci ka bar min gurbi, da na ce yunwa ce, na yafe," in ji tsohuwa. "Amma ka toshe gurbin da ƙarya, ta ruɓar da na kirki. Ƙoƙi, shiga ciki."

Ƙoƙi ta shiga. Gizo ya koma gida, ƙudaje ne 'yan rakiyarsa.

Kun dai ji. Wanda ya yi ɓarna ya bar ta a fili ya faɗa. In ya rufe ta da ƙarya, har abin da bai taɓa ba sai ya lalace. Kuma wanda ya taɓa min shanyar kuɓewa gobe, na san shi.

Ƙungurus kan kusu. Ku tashi.